Asali da Tarihin Sunayen Walker da Fuller da Tucker a Ƙasar Ingila

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana nazarin harsunan Afirka ba zai rasa cin karo da sunan A. N. Tucker ba, malamin nan na Jami'ar Landan wanda shi da Margaret Bryan suka yi aiki mai yawa a kan harsunan arewa maso gabashin Afirka. Haka nan kuma Walker da Fuller ba baƙin sunaye ba ne ga mai karanta littattafan Ingilishi. Amma in aka tambayi ɗalibi ma'anarsu, galibi zai ce Walker shi ne mai tafiya a ƙasa, ya danganta Fuller da kalmar "full" wadda ke nufin cika, in an zo kan Tucker kuwa ya yi shiru. Gaskiyar magana ita ce, sunayen nan uku duk sana'a ɗaya suke nufi, watau sana'ar wanke saƙin ulu da tattaka shi har ya yi kauri, wadda ta bunƙasa a Ingila tun daga ƙarni na 12.

Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, sunan zuriya shaida ne na tarihin harshe. Ya kan daskare a bakin jama'a a daidai lokacin da aka fara gadonsa, ya riƙe kalmar da mutanen wani yanki ke amfani da ita a wannan zamani, ko da kalmar ta mutu daga baya, ko ma'anarta ta sauya. Za mu fara da bayanin sana'ar, sa'an nan tushen kalmomin, da yadda suka zama sunayen gado, da yadda suka rarrabu a cikin ƙasa, kana mu duba wuraren da suna kan yaudari mai bincike.

2.0 Sana'ar da Matsayin Masu Yin Ta

Kafin a kaɗa gashin tumaki ya zama zare, akan shafa masa mai domin ya yi laushi. Saboda haka lokacin da masaƙi ya sauke ƙyalle daga masaƙa, yakan fito da maiƙo da dauɗa, ga shi sako-sako, ana iya hango haske ta tsakanin zarensa. Irin wannan ƙyalle ba ya kare sanyi, ba ya kuma tare ruwa. A nan ne ake miƙa shi ga ma'aikaci na biyu. Shi kuwa sai ya zuba shi a cikin babban komi, ya kwarara ruwa da abin da zai cinye maiƙon, watau fitsarin da ya kwana biyu, ko wata irin laka da ake haƙowa a kudancin Ingila, musamman a Surrey da Kent da Bedfordshire da kewayen Bath. Daga nan sai ya shiga komin ba takalmi, ya yi ta tattakawa sa'o'i masu yawa. Danshi da ɗumi da gugar ƙafa su ke sa gashin ya sarƙe da juna, ƙyallen ya tsuke, ya yi kauri da ƙarko. Bayan an ɗauraye, sai a shanya shi a kan wasu katakai masu ƙugiyoyi, a ja shi ya miƙe, a taje fuskarsa da kan wata shuka mai ƙaya, sa'an nan mai almakashi ya daidaita gashin da ya tashi.

Mai karatu na iya kwatanta wannan da aikin masu bugu a ƙasar Hausa, domin su ma bayan masaƙi da marini suke karɓar aiki. Sai dai akwai bambanci. Bugu don sheƙi da santsi ake yin sa a kan auduga, shi kuwa wancan aiki don canza jikin ulu ne baki ɗaya.

Sana'ar daɗaɗɗiya ce ƙwarai. Rumawa sun san ta, har an tono wuraren aikinta a kangon birnin Pompeii wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79. A Ingila kuwa, takardar baitulmalin sarki Henry I ta 1130 ta nuna cewa masu wannan sana'a a Winchester suna da ƙungiya wadda ke biyan sarki kuɗi kowace shekara. A Lincoln an kafa tasu ƙungiyar a 1297, kuma ɗaya daga cikin dokokinta ta hana namiji ya yi aiki tare da mace in ba matar maigida ko baranyarta ba, abin da ke nuna cewa mata ma suna cikin sana'ar.

Duk da haka ba sana'a ce mai martaba ba. Akwai wasu dokoki na farkon ƙarni na 13 daga garuruwan Winchester da Marlborough da Oxford da Beverley waɗanda suka ƙuntata wa masaƙa da masu tattakar ƙyalle. Sun hana su sayar da yadi ga kowa sai attajiran gari, sun kuma hana su samun cikakken 'yancin ɗan gari har sai sun bar sana'ar. Ashe ke nan wanda aka fara kira Walker ko Fuller ko Tucker talaka ne, mai wuni tsaye a cikin ruwa mai wari.

3.0 Tushen Kalmomin Uku

Kalmar Walker ta samo asali ne daga "wealcere" ta Tsohon Ingilishi, wadda ita kuma ta fito daga aikatau "wealcan", mai ma'anar mirginawa ko jujjuyawa ko cuɗawa. A wancan zamani in ana nufin tafiya, "gan" ko "gangan" ake cewa. Sai wajen ƙarni na 13 ne "walk" ta fara ɗaukar ma'anar tafiyar ƙasa, har sannu a hankali ta danne tsohuwar ma'anar. 'Yan'uwan Ingilishi sun adana mana shaida. A Jamusanci har yanzu "walken" na nufin cuɗa ƙyalle ko fata, a Ingilishin Sikotilan kuwa akwai "waulk" da wannan ma'ana. A tsibiran Hebrides mata sun ci gaba da zama a kewayen katako suna cuɗa saƙi da hannu, suna waƙoƙin aiki da harshen Gaelic, har cikin ƙarni na 20.

Fuller kalmar aro ce daga Latin, inda ake kiran mai wannan sana'a "fullo". Ta shiga Ingilishi tun kafin zuwan Normawa, domin akwai "fullere" a cikin fassarar Linjila ta Tsohon Ingilishi. Bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, shi ma kuwa yana da kalmomi daga wannan tushe, kamar "fouler", watau tattakawa, da sunan zuriya Foulon. Wannan ya ƙara wa kalmar ƙarfi, ta zama ita ce ta hukuma da ta malamai. A wasu sassan kudu, inda ake furta /f/ ta farkon kalma kamar /v/, sunan ya koma Voller.

Tucker kuwa daga aikatau "tucian" ta fito, wadda a Tsohon Ingilishi ke nufin azabtarwa ko wulaƙantawa. Ba abin mamaki ba ne a kira wannan aiki azabtar da ƙyalle, in aka dubi irin duka da ja da yake sha. Mawaƙi William Langland, a cikin Piers Plowman ta ƙarshen ƙarni na 14, ya jera matakan da saƙi ke bi kafin ya isa hannun tela, ya kuwa ambaci "full" da "tuck" a matsayin matakai daban-daban, na biyun dab da shanya. Wannan na nuna cewa a bakin wasu "tuck" wani sashe ne na aikin gamawa, amma a kudu maso yamma ta mamaye sana'ar duka.

4.0 Daga Laƙabi Zuwa Sunan Gado

Kafin 1066 Baturen Ingila suna ɗaya gare shi, in an so bambanta shi da wani a ƙara masa laƙabi wanda zai mutu tare da shi. Manyan Normawa masu filaye su ne suka fara gadar da suna ga 'ya'yansu, domin suna na tafiya tare da haƙƙin mallakar ƙasa. Al'adar ta gangaro ga talakawa sannu a hankali a ƙarni na 13 da na 14. Dalilai biyu suka taimaka. Na farko, sunayen yanka sun taƙaita ƙwarai, har ya zama John da William da Thomas da Richard da Robert sun cinye kaso mai yawa na maza. Na biyu, mulki ya koma na takarda, malaman haraji da na kotun masu gari suna bukatar su san wane John ne ya biya, wane ne bai biya ba.

A takardun haraji na 1327 da 1332 akan ga an rubuta sunan mutum, sa'an nan "le Walkere" ko "le Fullere" ko "le Toukere". Wannan "le" ƙaramar kalma ce ta Faransanci mai nuna sananne, kamar a ce wane mai sana'a kaza. Muddin tana nan, akwai kyakkyawan zato cewa mutumin yana yin sana'ar da kansa, ko da yake ba kullum ba. A ƙarshen ƙarni na 14 ta yi ta faɗuwa daga rubutu. A takardun harajin kai na 1377 da 1379 da 1381, wanda na ƙarshensu ya haddasa tawayen talakawa a ƙarƙashin Wat Tyler, akan sami mutum da sunan wata sana'a, amma a gefe an rubuta wata sana'ar dabam a matsayin abin da yake ci da shi. Wannan ita ce babbar alamar cewa laƙabi ya zama gado. A 1413, zamanin Henry V, aka yi doka cewa a wasu takardun sammaci dole a ƙara matsayin mutum ko sana'arsa da garinsu a bayan sunansa. Da suna na faɗin sana'a kamar dā, da ba a bukaci haka ba.

Zuwa wajen 1400 yawancin gidaje a kudancin Ingila da tsakiyarta suna da sunan gado. Arewa ta ɗan makara, Wales kuwa ta fi kowa jinkiri. Da Thomas Cromwell ya ba da umurni a 1538 cewa kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, sai sunayen suka ƙara kafuwa.

5.0 Rarrabuwar Sunayen a Cikin Ƙasa

Tun a 1890 H. B. Guppy ya bi sunayen manoma lardi-lardi, bisa hujjar cewa manomi bai cika ƙaura ba. A 1935 Gustav Fransson, wani masani daga Lund ta ƙasar Suwidin, ya tattara sunayen sana'a daga takardun 1100 zuwa 1350. P. H. Reaney ya ɗora a kan wannan a ƙamusunsa na 1958 da littafinsa na 1967, sa'an nan a 2016 Patrick Hanks da Richard Coates da Peter McClure suka fito da babban ƙamus na Oxford mai juzu'i huɗu, wanda ya yi amfani da ƙidayar jama'a ta 1881. Duk waɗannan ayyuka sun haɗu a kan abu ɗaya. Walker na arewa ne da tsakiyar ƙasa har zuwa Sikotilan, Fuller na kudu maso gabas ne da gabas, kamar Kent da Sussex da Norfolk da Suffolk, Tucker kuwa na kudu maso yamma ne, musamman Devon da Somerset da Dorset da Cornwall.

Sunayen wurare sun ƙarfafa wannan. A Beverley ta Yorkshire akwai titin Walkergate, a Wells ta Somerset akwai Tucker Street, a Cornwall akwai garin Tuckingmill. A Exeter akwai zauren Tuckers' Hall wanda aka gina a 1471 domin ƙungiyar masaƙa da masu tattaka da masu almakashi. A can Wales, inda harshe ya bambanta, "pandy" ake kiran wurin aikin, daga nan ne aka sami sunan garin Tonypandy.

Mutanen wancan zamani da kansu sun san da wannan saɓanin karin harshe. Almajiran John Wycliffe, da suka fassara Littafi Mai Tsarki a shekarun 1380, sun zo kan ambaton mai wannan sana'a a babi na 9 na Linjilar Markus, sai suka jera kalmar Fuller da ta Walker kafaɗa da kafaɗa, domin wanda bai san ɗaya ba ya gane da ɗayar.

Ba wannan sana'a kaɗai ta rabu haka ba. Marini shi ne Dyer a kudu, Lister a Yorkshire, Dexter a gabashin tsakiyar ƙasa. Masaƙi shi ne Webb ko Webber a kudu da yamma, Webster a arewa. Sai dai ya kamata a lura, iyakokin ba katanga ba ne. A Hertfordshire, can cikin yankin Fuller, akwai ƙauyen Walkern wanda ke cikin littafin Domesday na 1086, kuma masana sunayen wurare na fassara shi da gidan tattakar ƙyalle. Wannan na nuna cewa dā can "walk" ta fi haka yaɗuwa a kudu, kafin kalmar Latin ta ture ta. Taswirar da sunayen zuriya suka ba mu ta ƙarni na 13 da na 14 ce, ba ta zamanin da ya gabace su ba.

6.0 Shigowar Injin Ruwa

Wani abin lura shi ne, sunayen sun kafu ne a daidai lokacin da ƙafar ɗan'adam ta fara barin komi. An ƙirƙiro wani inji wanda ruwan rafi ke juya ƙafarsa, ita kuma ta riƙa ɗaga manyan taɓare na itace suna faɗawa a kan ƙyalle. Wani lissafin dukiyar mayaƙan Templar na 1185 ya ambaci irin wannan inji a Newsham ta Yorkshire da Barton ta Gloucestershire, suna kuwa cikin na farko da aka tabbatar a rubuce a Ingila. A 1941 E. M. Carus-Wilson ta buga wata shahararriyar maƙala inda ta kira wannan juyin masana'antu na ƙarni na 13. A ganinta injin ne ya janye sana'ar yadi daga biranen gabas irin su Lincoln da Stamford da Beverley, ya kai ta ƙauyukan tuddai masu ruwa mai gudu a yammacin Yorkshire da Cotswolds da kudu maso yamma. Masana na baya, irin su Edward Miller da A. R. Bridbury, sun ce ta zuzuta rawar injin, sun nuna cewa haraji da tsadar ma'aikata a birane da gasar yadin Flanders su ma sun yi tasiri. Amma ba su musa cewa sana'ar ta koma karkara ba.

Wannan ya shafi batunmu ta fuska biyu. Da farko, mai kula da injin ya ci gaba da amsa tsohon suna, ana kiransa Walker ko da bai taɓa sa ƙafa a komi ba. Na biyu, yankunan da sana'ar ta koma su ne na Walker da Tucker. Da masana'antu suka tara jama'a a Yorkshire da Lancashire a ƙarni na 18 da na 19, zuriyar Walker ta ƙara yawa. Wannan, tare da faɗin yankinsa tun asali, shi ya sa Walker ya shiga cikin sunaye ashirin mafiya yawa a Birtaniya, ya bar 'yan'uwansa biyu a baya da nisa.

7.0 Inda Suna Kan Yaudari Mai Bincike

Kuskure ne a ɗauka duk masu suna ɗaya kakansu ɗaya. Kowane gari mai saƙa yana da nasa mai tattaka, don haka sunan ya tsiro a wurare masu yawa waɗanda ba su san juna ba. Har ila yau ba kowane Walker ne na sana'a ba. Kusa da Newcastle akwai wuri mai suna Walker, wanda ma'anarsa fadama ce ta gefen ganuwa, watau ganuwar da sarkin Rum Hadrian ya gina, kuma mai yiwuwa ne wasu gidaje daga nan suka ɗauki sunansu.

Hanya ta uku ta fi ɗaci. Tarihi ya san mutum biyu masu suna Thomas Fuller. Na farko malamin coci ne kuma marubucin tarihi a Ingila, ya rayu daga 1608 zuwa 1661. Na biyu ɗan Afirka ne da aka kama yana yaro aka kai shi Virginia a 1724, ya shahara da iya lissafi da ka ko da yake bai yi karatu ba, ya rasu cikin bauta a 1790. Babu abin da ya haɗa kakanninsa da komin ulu. Haka abin yake ga ɗimbin baƙaƙen Amurka da na tsibiran Karibiyan masu amsa Walker da Tucker da Fuller. A wurinsu sunan shaida ne na cinikin bayi, ba na sana'ar kakanni ba.

Suna kan kuma yi tafiyar da ba wanda ya zata. A 1985 masana kimiyya Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley da ɗalibansu suka gano wani sabon nau'in sinadarin kabon mai ƙwayoyi 60 a dunƙule kamar ƙwallo. Suka raɗa masa suna daga na Buckminster Fuller, mai zanen gine-gine na Amurka, saboda ya yi kama da ƙubbobin da yake ƙerawa. Ta haka kalmar da Rumawa ke kiran mai tattaka tufa da ita ta shiga littattafan kimiyya a cikin "fullerene".

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa Walker da Fuller da Tucker sana'a ɗaya ce a bakin yankuna uku, ɗaya kalmar gado, ɗaya ta aro daga Latin, ɗaya kuma ta gado wadda ma'anarta ta karkata. Mun ga kuma cewa ba a gane haka ta duban sifar sunan ta yau. Sai da masana suka nemo mafi daɗewar yadda aka rubuta shi, da wurin da aka rubuta, da shekarar, suka kuma gwada da sunayen wurare da harsuna 'yan'uwa.

Akwai darasi a nan ga masu nazarin sunayen Hausa. Abin da takardun haraji suka yi wa Ingila a ƙarni na 14, rajistar makaranta da takardun hukuma sun yi mana irinsa a ƙarni na 20, inda sunan uba ko na gari ko laƙabin sana'a, kamar Maƙeri ko Wanzam ko Madugu, ya fara bin 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su taɓa riƙe guduma ko aska ko akalar ayari ba. Sunayen unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki a Kano su ma suna riƙe da irin wannan labari. Inda muka fi Turawa sa'a shi ne, har yanzu akwai dattawan da suka san wanda aka fara kira da sunan da dalilin kiransa. In aka tambaye su aka rubuta, tare da gari da shekara da karin harshen wurin, masu zuwa bayanmu ba za su sha wahalar da Fransson da Reaney suka sha ba wajen tono ma'anar suna daga tsofaffin takardun haraji.